Rishon Gas Mai Gwangwani A Lokacin Sanyi: Ba Jabu Ba Ne, Amma A Kula

A makon nan zan ɗan ajiye zancen ƙwayoyi da allurai, mu leƙa madafa, kodayake za ku ga cewa daga ƙarshe kemis ɗin dai maganar za ta dawo da mu.

Ƙanina ne ya jawo wannan rubutu. An tura shi yi wa ƙasa hidima a Gembu, can saman tsaunin Mambila a Jihar Taraba. Kafin ya tafi muka saya masa ɗan rishon nan na tafiye-tafiye, mai aiki da gwangwanin gas mai kama da na maganin sauro. Mun gwada shi a gida Abuja, wutarsa shuɗiya shar, ruwan shayi ya tafasa kafin a gama yanka burodi. Da hunturu ya kankama sai ga wayarsa da sassafe: "Yaya, an cuce mu, gas ɗin nan jabu ne. Wutar kamar ta kyandir, ga shi in na girgiza gwangwanin ina jin akwai saura da yawa." Na ce masa ya yi haƙuri zan bincika, na shiga hidimomina na manta. Bayan kwana uku ya sake kira, wannan karon yana tambayar wane maganin maleriya zai saya, wai kullum da safe kansa na sarawa, ga jiri, ga tashin zuciya, amma da ya fita wurin aiki sai ya ji dama. Wannan kalma ta ƙarshe ce ta sa gabana ya faɗi. Na tambaye shi a ina yake girki yanzu. Ya ce ai ya gano dabara: in ya shigo da rishon cikin ɗaki ya rufe ƙofa da taga, ya kuma hura ɗan gawayi a gefe ya jingina gwangwanin ya sha ɗumi, wutar takan yi ƙarfi.

Kurakurai biyu ke nan a zama ɗaya, kowannensu ya isa ya yi kisa. Amma kafin mu zo kansu, bari mu wanke mai shago daga zargi, domin gas ɗin lafiyarsa ƙalau.

Abin da ke cikin gwangwanin ruwa ne, shi ya sa kuke jin motsinsa in kun girgiza. An matse iskar ce har ta koma ruwa. Da kun buɗe makunnin risho, ruwan nan sai ya fara tafasa a cikin gwangwanin, tururinsa ya taso ya bi ta kan risho, shi ne yake kamawa da wuta. Kada kalmar tafasa ta ruɗe ku. Ruwan sha sai ya kai digiri 100 a ma'aunin Salshiyos yake tafasa, amma kowane abu da nasa mizanin. Sinadarin butan, wanda shi ne ke cikin akasarin gwangwanayen da ake sayarwa a kasuwanninmu, yana tafasa ne daga wajen rabin digiri ƙasa da sifili. Wato a zafin Legas ko Abuja, ɗumin ɗaki kawai ya ishe shi ya yi ta zaɓalɓala. In kuwa sanyi ya kai na daskarar da ruwa, sai ya kwanta lamo a gindin gwangwani, ko kun buɗe makunnin har ƙarshe babu abin da zai fito.

Za ku ce ai Nijeriya ba ma kaiwa sifili. Gaskiya ne, ko a Jos da Mambila sanyin asubahin hunturu yakan tsaya ne wajen digiri 10, wani lokaci ya ɗan gangara ƙasa da haka. To amma ƙarfin da gas ke turo kansa da shi ba sai an kai sifili yake raguwa ba, a hankali yake sauka. Turin butan a digiri 10 bai kai rabin na digiri 20 ba. Tun kafin a ƙyasta ashana an riga an yi asarar fiye da rabin ƙarfin.

Sai kuma abu na biyu, wanda shi ne mutane ba su cika sani ba: gwangwanin da kansa yake sanyaya kansa. Duk wanda ya taɓa shan ruwan randa ya san wannan ilimi ko bai san sunansa ba. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikin randa yana bushewa, yana tafiya da zafi, na ciki ya yi sanyi. Haka in an goga muku sifirit kafin allura, wurin yakan yi sanyi saboda sifirit ɗin ya kwashi zafin fata ya tashi da shi. Gas ɗin gwangwani ma sai ya ari zafi daga jikin ƙarfen da sauran ruwan da ke ciki kafin ya zama tururi. Ku taɓa gwangwanin bayan minti goma ana girki, za ku ji shi kamar daga firiji aka ciro, har raɓa takan kwanta masa. A wuri mai zafi iskar ɗaki na mayar masa da abin da ya rasa. A Gembu da asuba babu mai mayar masa. Sai ya faro daga digiri 10, ya yi ta sauka har ya kusa sifili, wuta ta yi ta ƙanƙancewa kuna kallo. In gas ɗin ya kusa ƙarewa abin ya fi muni, don ɗan ruwan da ya rage ya fi saurin yin sanyi. Shi ya sa sabon gwangwani kan taɓuka, wanda ya yi rabi kuwa ya ba ku kunya.

Mu masu harhaɗa magunguna mun san wannan hali daga wani wuri dabam. Abin shaƙar nan na masu asma, inhela, shi ma ɗan gwangwani ne da aka matse iska a ciki don ta feso maganin. In ya yi sanyi sosai feshin yakan yi rauni, shi ya sa muke gaya wa masu amfani da shi su ciro gwangwanin su dumtse shi a tafin hannu na 'yan mintoci, kuma kada su kuskura su ɗumama shi da wani abu ban da hannun. Ku riƙe wannan ƙa'ida, don ita ce dai ta gwangwanin girki.

Ba duka gwangwanaye ne halinsu ɗaya ba. Akwai 'yan uwan butan guda biyu da suka fi shi jure sanyi. Aisobutan yana tafasa daga wajen digiri 12 ƙasa da sifili, furofan kuwa sai an kai wajen 42 ƙasa da sifili yake kwanciya. Da a ce za a cika gwangwani da furofan zalla da an huta, sai dai turinsa a zafin ɗaki ya ninka na butan wajen sau huɗu, siririn gwangwani ba zai riƙe shi ba, sai tukunyar ƙarfe mai kauri da nauyi, wadda babu mai son ɗauka a jakar baya. Saboda haka kamfanoni ke gauraya su. Gajerun gwangwanayen nan masu ƙoƙon kai da ake murɗa risho a samansu, masu giram 100 ko 230 ko 450, galibi gauraye ne, za ku ga an rubuta kason a jiki, misali 80 da 20, ko 70 da 30. Ƙaramin adadin shi ne furofan. Dogayen masu kama da maganin sauro, na giram 220 ko kusa da haka, waɗanda ake kwantarwa a gefen risho mai kama da akwati, su ne yawanci butan zalla, su ne masu araha, su ne kuma sanyi ke fara kayarwa.

Ko gaurayen ma da sauran rina a kaba. Furofan ya fi saurin tashi, don haka kasonsa ne ke fara raguwa, sai a wayi gari abin da ya rage a gindi kusan duk butan ne. Masu hawan manyan tsaunuka irin Kilimanjaro, mai tsayin mita 5,895, da 'ya'yanmu da ke karatu a Rasha ko Kanada in sun fita yawon daji da abokai, can ne ake ganin wannan matsala da idonta. Su har risho na musamman gare su, wanda ake kifa gwangwanin a gefe, ruwan gas ya biyo tiyo ya ratsa ta wani bututu da ke gilmawa ta cikin wutar, ya zama tururi kafin ya isa kai. Na kawo wannan ne don gargaɗi kawai: kada wani ya gani a waya ya je ya kifa gwangwani a rishon da ba shi da wannan bututu. Ruwan gas ne zai fito kai tsaye, wuta ta yi tsalle sama da kan mutum. Af, kuma mai tafiya ya sani ba a shiga jirgin sama da gwangwanin gas, ko a jakar hannu ko a babbar jaka, a can za a saya.

Tsayin wuri kuma, saɓanin yadda ake zato, ba ya hana gas fitowa, yana ma ɗan taimaka masa don iskar waje ba ta danne shi sosai. Abin da tsayi ke yi shi ne sa ruwa ya tafasa da wuri ba tare da ya yi zafi sosai ba. A Jos, mai tsayin wajen mita 1,200, ruwa na tafasa a kusan digiri 96. Shi ya sa wake ke ɗan ƙara jinkiri a can, gas kuma ya ƙara tafiya.

Yanzu mu koma kan dabarun ƙanina.

Gwangwanin gas ba a yi shi don ya wuce zafin digiri 50 ba, kuma a rubuce yake a jikinsa ga mai dubawa. Jingina shi da kaskon gawayi, ko kara shi a harshen wuta, ko zuba masa tafasasshen ruwa, ko barinsa a cikin mota a rana, duk hanyar fashewa ce. Akwai ma wata hanyar da mutum kan faɗa ba da saninsa ba. Rishon akwatin nan an yi shi ne don ƙaramar tukunya. In uwargida ta ɗora masa babbar tukunyar tuwo ko faffaɗan kaskon suya wanda ya rufe har saman inda gwangwanin ke kwance, zafi zai riƙa komawa kansa. Haka in an kewaye risho mai gwangwani a ƙasa da kwali ko langa-langa ta ko'ina don tare iska. A tare iska ta ɓangaren da take busowa, a bar sauran a buɗe, a kuma riƙa taɓa gwangwanin lokaci-lokaci. In ya yi zafin da hannu ba zai iya zama a kai ba, a kashe nan take.

Kuskure na biyu shi ne wanda ya fi tayar mini da hankali, don shi ba ya ƙara, ba ya wari. Duk abin da ke ci da wuta, gas ne ko kananzir ko gawayi ko fetur ɗin janareta, in bai sami isasshiyar iska ba yana fitar da guba da ake kira kabon monoksaid. Ba a ganinta, ba a jin ƙanshinta. Warin da kuke ji in gas na yoyo wani sinadari ne aka zuba da gangan don ya tona asirin yoyon, ba shi da alaƙa da wannan guba. Ƙananan rishunan tafiya kuma sukan ƙara fitar da ita in an ɗora tukunya mai sanyi dab da harshen wuta. Jar wuta ko rawaya alama ce ta cewa gas ba ya ƙonewa daidai, amma shuɗiyar wuta ma ba shaidar tsira ba ce a ɗakin da aka toshe.

Abin da gubar ke yi a jiki shi ne ƙwace mazaunin iskar oksijin a cikin jini. Tana maƙale wa sinadarin da ke ɗaukar oksijin da ƙarfin da ya ninka na oksijin ɗin fiye da sau 200. Mutum na numfashi, amma ƙwaƙwalwa da zuciya na jin yunwa. Alamun farko su ne ciwon kai, jiri, kasala, tashin zuciya, wani lokaci amai. Ku faɗa mini wane ɗan Nijeriya ne zai ji waɗannan bai ce maleriya ko taifod ba? A nan ne mu da ke bayan kanta muke da alhaki, kuma ni kaina na kusa faɗawa, don da ƙanina bai ƙara da cewa yana jin dama in ya fita ba, da wataƙila na ce ya je a gwada jininsa kawai. Tambayoyi uku nake so kowane gida ya riƙe a lokacin sanyi: shin babu zazzaɓi tare da ciwon kan? Shin mutum fiye da ɗaya ne a ɗakin suka kamu lokaci guda? Shin ana samun sauƙi in an fita waje, ya dawo in an koma ciki? In amsar e ce, a daina neman farasitamol, a nemi abin da ke ci da wuta a ɗakin.

Jarirai, masu juna biyu, tsofaffi, masu ciwon zuciya, da masu ƙarancin jini irin 'yan sikila sun fi saurin jigata. Mai ciki ma ko ita ta ji da sauƙi, ɗan da ke cikinta ya fi ta riƙe gubar. Wanda ke barci kuwa ba zai ji ko alamar farko ba, shi ya sa kunna risho ko shigo da gawayi don ɗumama ɗaki a kwanta ya fi komai haɗari, haka ma girki a cikin tanti ko cikin mota. Direbobin manyan motoci da ke kwana a hanya, wannan da ku nake.

In an yi zargin ta faru, a buɗe ƙofa da tagogi, a kashe wutar, a fito da kowa waje, a nufi asibiti ko a kira 112. Ba madara, ba manja, ba a ɗura wa wanda ya suma komai a baki. Maganinta oksijin ne. A iskar waje jiki kan ɗauki awa huɗu zuwa biyar kafin ya rage rabin gubar, da oksijin na asibiti kuwa awa ɗaya da 'yan mintoci. Ku gaya wa likita da bakinku cewa an kunna wuta a rufaffen ɗaki. Kuma kada ku dogara da 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa, wadda gidaje da yawa suka saya lokacin korona. Ba ta iya bambance jinin da ke ɗauke da oksijin da wanda ke ɗauke da gubar, sai ta nuna 98 alhali mutum na cikin haɗari.

To me ya kamata ƙanina ya yi tun farko? Abu ne mai sauƙi har ya ba ni haushi da ban faɗa masa a kiran farko ba. Ya sa gwangwanin a aljihun rigar sanyinsa na minti goma ko sha biyar kafin ya kunna, ɗumin jiki ya isa. In yana da biyu, ɗaya na aiki ɗaya na aljihu, in wutar ta yi rauni ya kashe, ya bari rishon ya huce, ya musanya nesa da kowace wuta. Mai irin gwangwanin da ke tsaye a ƙarƙashin risho zai iya zaunar da gindinsa a faranti mai ɗan zurfi da ruwa, ruwan famfo ma ya wadatar, in an so a sirka shi ya zama ɗumin da za a yi wa jariri wanka, kada ya wuce haka. Kada a ajiye shi a kan siminti mai sanyi, a sa katako a ƙasa. A rufe tukunya da murfi. Kada a buɗe wuta har ƙarshe, don yawan zuƙa shi ke saurin sanyaya gwangwanin, matsakaiciyar wuta ta fi daɗewa da ƙarfinta. A ajiye ashana kusa, domin makunnin da ke ƙyasta kansa yakan yi gardama in gas na fitowa da rauni. Girkin kuma a baranda, ko a bakin ƙofa a buɗe. Uwar da ke buƙatar ruwan zafi cikin dare don madarar jariri gara ta tafasa tun da yamma ta cika filas.

Ra'ayina ga mai zama na watanni a wuri mai sanyi, ɗalibi ne ko ɗan hidimar ƙasa ko ma'aikaci, ya bar gwangwani ga tafiyar kwana biyu, ya sayi ƙaramar tukunyar gas mai kilo 3 ko 6. Gas ɗin girkinmu ma butan ne ya fi yawa a ciki, amma tukunyar na da girma da nauyin da ɗan girkin shayi ba ya saurin sanyaya ta, kuma in an yi lissafi ta fi araha nesa ba kusa ba. Ita ma in ta kusa ƙarewa za ku ga tana gumi a gindi, wuta ta ragu. Kada a kwantar da ita, kada a girgiza ta tana kunne, a kai ta a cika. Gwangwani kuwa sau ɗaya aka yi shi a yi amfani da shi. Na ga masu sake ɗura masa gas a bakin titi, ba tare da sanin nauyin da zai ɗauka ko yawan furofan da ke cikin abin da suke ɗurawa ba. Ba na sayen irin wannan ko da rabin kuɗi ne, kuma ba na so ku saya. Wanda ya ƙare kada a jefa shi a bolar da ake ƙonawa, yara na wasa a wurin.

In tsautsayi ya sa an ƙone, a sa wurin a ƙarƙashin ruwan famfo mai sanyi na minti 20, a cire zobe ko agogo kafin wurin ya kumbura, a rufe da tsaftataccen ƙyalle mara gashi. Ban da ƙanƙara, ban da man goge baki, ɗanyen ƙwai ko baƙin mai. Ƙunar da ta fi tafin hannun wanda ya ƙone girma, ko ta fuska, hannu, al'aura, ko kowace ƙuna a jikin jariri, ta asibiti ce. Ruwan gas ɗin kansa in ya fesu a fata yana ƙuna irin ta ƙanƙara, wannan kuma ruwan ɗumi ake sa masa, ba a murzawa.

Ƙanina dai na sa ya je asibiti a ranar, aka duba shi, ya kuma fitar da risho da kasko baranda. Ciwon kan bai sake dawowa ba. Da ya zo hutu na aika shi ya sayo tukunya mai kilo 6, ya koma da ita, sauran gwangwanayen biyu kuma suna nan a kabad ɗina.